Yadda Ake Zaɓa wa Jariri Sunan da Zai Riƙe Har Tsufa

Tun jariri bai iya zama ba yake fara gane sunansa. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1995, an gano cewa jarirai 'yan wata huɗu da rabi sun fi kasa kunne idan an kira sunansu a kan idan an kira wani suna dabam. Daga nan kuma kalmar ta manne masa ke nan. Da ita malami zai kira shi a aji, ita za a rubuta a katin asibiti, da ita za a ɗaura masa aure, ita kuma za a faɗa ranar da ake sanar da rasuwarsa. Rigunan da kuka tara masa za su matse shi kafin wata uku, gadon da kuka saya zai wuce wurinsa, sunan ne kaɗai zai rage daga cikin kayan haihuwa. Ba banza ba aka ce suna linzami ne.

Ku za ku zaɓa, shi zai ɗauka, kuma ba ya nan balle a ji ta bakinsa. Saboda haka a kowane mataki da zan kawo, ku ɗan kau da ido daga jinjirin da ke cikin zani, ku hango mutum ɗan shekara arba'in, ko dattijuwa mai jikoki, yana faɗin sunan da bakinsa a gaban baƙi.

Ku fara tun ciki na wata biyar ko shida

Makon haihuwa ba lokacin tunani ba ne. Uwa tana fama da jiki, barci ya ƙaurace wa gidan, waya ba ta daina ƙara, kowa kuma ya zo da nasa sunan a baki. Sunan da aka yanke a irin wannan hali, galibi na wanda ya fi kowa naci ne. Ku yi aikin tun akwai sarari.

Uwa ta ɗauki takarda, uba ya ɗauki tasa, kowa ya koma gefe ya rubuta sunaye goma na maza da goma na mata, ba tare da leƙen ta ɗan'uwansa ba. Ko da na'urar duba ciki ta nuna namiji ne ko mace, ku cika jerin biyu, domin takan yi kuskure. Idan tagwaye ake sa rai, sai jerin ya ƙara tsawo. Bayan kwana biyu ko uku ku yi musayar takardu. Sunan da ya fito a duka biyun, ku ja masa layi, ya riga ya yi rabin tafiya. Sauran kuwa, kowannenku yana da damar soke wanda ransa bai kwanta da shi ba. Ina ba da ƙarfi a nan: idan matarka ta ce ba ta son wani suna, kada ka tsare ta sai ta kawo hujja. Wata rana sunan wanda ya taɓa zaluntarta ne, wata rana kuma ita kanta ba ta san dalili ba. Ita za ta kira sunan nan safe da yamma shekara da shekaru, bai kamata ta riƙa jin ɗaci a duk kira ba. Haka ke ma, uwar gida, ki yi masa wannan adalcin.

Wa ke da maganar ƙarshe? Malamai irin su Ibnul Ƙayyim, a littafinsa Tuhfatul Maudud, sun ce idan iyaye suka saɓa, haƙƙin raɗa suna na uba ne, tunda gare shi ake jingina ɗan. Amma Alƙur'ani ya kawo mana macen da ta raɗa wa 'yarta suna da kanta: matar Imrana ta ce ta sa mata suna Maryam, a aya ta 36 cikin Suratu Ali Imrana. Abin da na fahimta shi ne, haƙƙin uba na raba gardama ne idan an kasa daidaitawa, kuma namiji mai hankali ba ya barin magana ta kai can.

A wannan matakin ku riƙe jerin tsakaninku. Suna ɗanye, da zarar ya fita, sai wani ya ce ya san wani ɓarawo mai irinsa, wata ta ce ya yi tsufa, ku wayi gari ba ku da ko ɗaya.

Ku binciki ma'ana har tushe

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka zan daɗe a kai.

Jerin sunaye da ma'anoninsu sun cika intanet, kuma da yawansu kwafar juna suke yi, kuskure da daidai. Kowane suna sai a ce yana nufin "kyautar Allah" ko "furen Aljanna", ko da kalmar ba ta da alaƙa da kyauta ko fure. Wanda ya tsara jerin so yake a buɗe shafinsa, ba shi zai amsa sunan ba. Ga yadda za ku yi: ku fara tantance daga wane harshe sunan ya fito. Sannan ku nemi a rubuta muku shi da haruffan harshen na asali. Sai ku kai wa mutum biyu da suka san harshen da gaske, kowa dabam, ku tambaye su me kalmar take nufi a ƙamus, kuma masu harshen suna sa wa 'ya'yansu ita ko ba sa sawa. Tambaya ta biyun ta fi ta farko muhimmanci, domin kalma tana iya yin daɗin ma'ana amma masu ita su yi mamakin jin an kira mutum da ita.

Me ya sa na dage a kan haruffan asali? Ku ɗauki sunan Asiya. A rubutun boko kalma ɗaya ce, a Larabci kuwa biyu ne. Akwai wadda take farawa da alifun ta bi da sinun, sunan matar Fir'auna, mumina da Alƙur'ani ya buga misali da imaninta. Akwai kuma wadda take farawa da ainun ta bi da sadun, ma'anarta mai saɓo. Wannan ta biyun ita ce sunan wata 'yar Sayyidina Umar, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canja mata zuwa Jamila, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Harafi biyu ne suka raba yabo da zargi.

Haka nan kasancewar kalma a cikin Alƙur'ani bai mai da ita sunan kirki ba. Littafin ya ambaci Fir'auna da Hamana da Ƙaruna, ya ambaci Hawiya da Saƙar, waɗanda sunayen wuta ne. Buɗe shafi a ɗora yatsa a kan kalma mai daɗin ji hanya ce mai haɗari idan ba a tambayi mai sani ba.

Akwai iyakoki da Musulmi zai kiyaye. Kalmar Abdu, wato bawa, ga sunayen Allah kaɗai ake jingina ta, kuma ya zo a Sahihu Muslim cewa sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman. "Abdul" shi kaɗai rabin suna ne, kamar a ce "bawan" a yi shiru, don haka a takarda ku cika shi. Sunan da ke ɗaukar girman da na Allah ne kaɗai, irin Malikul Amlak, sarkin sarakuna, hadisi ya yi tir da shi ƙwarai. Sunan da ke yabon kai da tsarki ma an canja shi: Zainab 'yar Abu Salama da Juwairiya matar Annabi (SAW) duka Barra ake ce musu da fari, wato mai tsananin biyayya ga Allah.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kakan Sa'idu bin Musayyib, babban malamin Madina. Sunan kakan Haznu, wato ƙasa mai tauri da gargada. Annabi (SAW) ya ce masa ya zama Sahlu, mai sauƙi. Sai ya ce ba zai canja sunan da mahaifinsa ya sa masa ba. Sa'idu ya ce tun daga nan taurin bai bar zuriyarsu ba. Buhari ne ya kawo shi. Jika ne yake ba da labarin sunan kakansa, ku dubi nisan da kalma ɗaya ta yi.

Wani abu kuma da nake roƙon iyaye: kada ku ɗora wa yaro nauyin ranar da aka haife shi. A Littafin Farawa na Baibul, sura 35, Rahila tana gab da cikawa wajen haihuwa ta kira ɗanta Ben-oni, ɗan baƙin cikina, mahaifinsa Yakubu ya mai da shi Biliyaminu. Wahalar naƙuda, saɓani da dangin miji, talaucin wannan shekarar, duk za su wuce. Sunan da aka sa don a yi wa wani habaici yakan daɗe bayan an shirya da wanda aka yi dominsa, ya bar yaro yana yawo da faɗan da bai san farkonsa ba.

Kada kuma binciken ma'ana ya zame muku waswasi. Wasu sunayen darajarsu daga masu su ta zo. Khadija a asalin lugga tana nufin wadda aka haifa kafin cikar watanninta, Abbas kuma mai yawan ɗaure fuska, amma wa yake tuna wannan idan an ambace su? Sannan ba sharaɗi ba ne suna ya zama na Larabci. Ibrahim da Isma'il da Is'haƙ asalinsu ba Larabci ba ne, Mariyatul Ƙibɗiyya kuma da sunanta ta zauna a gidan Annabi (SAW). Suna mai kyakkyawar ma'ana a harshenku na gado, irin Alheri ko Godiya ko Nagari, yana da wata riba da baƙon suna ba shi da ita: duk wanda ya ji ya gane, ba sai an fassara ba.

Idan takwara za a yi

Sa wa yaro sunan wani tsohon abu ne a ko'ina cikin duniya. Annabi (SAW) da kansa ya ce an haifa masa ɗa a daren nan, ya sa masa sunan babansa Ibrahim, yana nufin Annabi Ibrahim. Abin dubawa shi ne wane ne takwaran, kuma me ya sa.

Wanda ya rasu, littafinsa ya rufe, kun san abin da ke ciki. Mai rai kuwa bai gama rubuta nasa ba. Idan mahaifinka ne ko mahaifiyarki, ko malamin da ya tarbiyyantar da ku, kun san su ciki da bai, ba abin tsoro. Inda nake jan kunne shi ne ɗan siyasa a shekarar zaɓe, ɗan ƙwallo a kakar da yake ci, tauraruwar fim da ake yayi, ko mai kuɗin da ake fatan ya ji ya yi wani abu. Adolf suna ne na yau da kullum a Jamus kafin zamanin Hitila, bayan 1945 kusan ba mai sa shi, waɗanda aka riga aka sa wa kuwa da shi suka tsufa. Ko ba mugun mutum a ciki, zamani kan juya wa suna baya. Da kamfanin Amazon ya fitar da na'urarsa mai amsa sunan Alexa a 2014, 'yan matan da ke da wannan sunan suka fara shan tsokana, ana ba su umarni kamar na'ura, iyaye a Amurka kuma suka ja baya da sa shi. Wannan ba wanda zai iya hango shi. Amma sunan da ya shekara ɗaruruwa a bakin mutane ya fi jure irin wannan guguwa a kan wanda ya fito bara.

Matsin lambar dangi kuma daɗaɗɗe ne. A Linjilar Luka, sura ta 1, maƙwabta da dangi sun taru a rana ta takwas suna so a sa wa jariri sunan mahaifinsa Zakariya. Uwar ta ce a'a, Yohanna ne. Suka ce ai ba mai wannan suna a danginku. Sai da uban ya karɓi allo ya rubuta sunan da hannunsa kafin magana ta mutu. Abin koyi a nan shi ne uwa da uba bakinsu ɗaya ne kafin taro ya haɗu.

Idan akwai babba da kuka san zai ji ciwo in ba a yi masa takwara ba, ku je ku same shi tun kafin haihuwa, cikin ladabi, ku biyu ko wanda ya fi kusa da shi. Sau da yawa abin da dattijo yake so a nuna an san da shi ne. In kuma ya zama dole, suna biyu yana warware matsalar: ɗaya na girmamawa, ɗaya na kira. Sai dai ku yanke tun yanzu wanne ne zai zo farko a takarda. Ku kuma lura, yaron da aka sa wa sunan babban gida yakan tashi da laƙabi, don ana jin nauyin kiran sunan gatsau. In haka za ta faru, ku zaɓi laƙabin da kanku da irin kulawar da kuka ba sunan, domin shi ne zai zama sunan yau da gobe. Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana jifan juna da miyagun laƙubba, kuma a gida ake fara kiyaye wannan.

Ku gwada shi a baki

Zuwa yanzu jerin ya ragu, wataƙila biyar biyar. Ku ajiye takarda, aiki ya koma ga harshe da kunne.

Ku faɗi sunan haɗe da na uba da na kaka ko na zuriya, yadda za a kira shi ranar karɓar sakamako. Idan ƙarshen na farko da farkon na biyu suna cin karo har harshe ya sarƙe, za ku ji. Ku ɗaga murya ku kira shi kamar yaron yana can nesa zai tsallaka titi. Ku faɗe shi a hankali kamar kuna rarrashi. Ku sa masa Malam ko Dakta ko Injiniya a gaba, sannan ku sa masa Kaka. Akwai sunayen da suke yi wa 'yar shekara uku kyau matuƙa, su kasa ɗaukar mace mai shugabantar ma'aikata.

Sai ku ba mutum biyu su maimaita: tsoho mafi shekaru a danginku da ƙaramin yaron da ya fara magana. Yadda suka furta shi, haka zai koma a gida, ko kun so ko kun ƙi. Dogon suna kuma sai an gutsure shi, don haka ku gutsure shi da kanku ta kowace fuska ku ji ko akwai guntun da ba za ku so ba. Idan kuna da ɗan shekara goma da kuka amince da shi, ku tambaye shi da me 'yan ajinsu za su tsokani mai wannan suna. Cikin minti ɗaya zai gano abin da ku ba za ku gano a wata guda ba.

Ku dubi sunayen yayyensa. Samira da Samiha da Samima suna da daɗi a jere, amma a kira ɗaya uku su waiwayo, kuma ranar da aka rubuta wa biyu magani a asibiti ɗaya, kamannin ya daina zama ado.

In akwai yiwuwar yaron ya yi karatu ko zama a wata ƙasa, ko ku da kanku kuna zaune cikin masu wani harshe, ku tambayi ɗan wannan harshen yadda sunan yake sauka a kunnensa. Nura namiji ne a wurinmu, a ƙasashen Larabawa kuwa mata ake sa wa. Andrea sunan maza ne a Italiya, na mata a Jamus. Randi sunan mata ne mai mutunci a Norwe, amma a harshen Hindi zagi ne mai muni. Ba za ku iya gamsar da harsunan duniya duka ba, ku duba biyu ko uku da rayuwarsa za ta fi gogayya da su.

Batun yawan masu suna kuwa, ban ɗauke shi babbar matsala ba. Muhammad ne ya zo na ɗaya a sunayen jarirai maza a Ingila da Wales a 2023, kuma ba wanda ya rasa kansa saboda haka. Sanannen suna kowa ya iya faɗa da rubutawa, illarsa kawai rikicewar takardu idan sunan uba ma sananne ne, suna na tsakiya kuma yana maganin wannan. Sunan da ba kowa ke da shi ba yana sa a tuna mutum, yana kuma sa duk abin da aka taɓa rubutawa a kansa a intanet ya fito da bugu ɗaya.

Ku tsayar da rubutu ɗaya

Wannan matakin shi aka fi rainawa, ni kuwa na ɗanɗana kuɗarsa. Sunana iri uku ya fito a takarduna: yadda aka rubuta a takardar haihuwa dabam, na takardar kammala sakandare dabam, na katin shaida dabam. Bambancin bai wuce harafi ɗaya da wata 'yar alama ba. Ranar da na tashi neman fasfo aka ce mutum uku ne a gabansu. Na yi wata uku ina zirga-zirga tsakanin ofisoshi, da rantsuwa a kotu, da sanarwa a jarida, har damar da nake nema ta kusa kuɓuce mini. Iyayena ba su yi sakaci da gangan ba. Sun faɗi sunan da baki, kowane magatakarda ya rubuta yadda kunnensa ya ba shi.

Don haka ku zauna ku yanke: Muhammad ne ko Mohammed ko Muhammadu? A'isha ko Aisha ko Aishatu? Khadija ko Hadiza? Abdurrahman a haɗe ko a rabe? Kowanne kuka ɗauka daidai ne, muddin shi kaɗai ne zai bi yaron.

Ku san kuma yadda na'ura take karanta suna. A ƙasan shafin hoto na fasfo akwai layi biyu, kowanne gurbi 44, bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. Gurbi 39 ne kacal aka ware wa suna gaba ɗaya, har da alamomin da ke raba kalmomi, kuma haruffan A zuwa Z kaɗai ake karɓa. Abin da ya wuce haka a datse shi. Haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ za su koma k da d da b, alamar da ke cikin Sa'adatu ko Isma'il kuma ta faɗi. Wannan bai hana ku sa sunan da ke da su ba. Ku dai rubuta shi ba lanƙwasa ku gani ko ya koma wata kalma da ba ku so. Suna huɗu ko biyar a jere kuwa wahala ce kawai kuke tara masa a kowane fom.

Ku tsayar da jeri: wanne ne sunan yaro, wanne ne na tsakiya, wanne ne na uba ko na zuriya. Musulunci ya yi umarni a jingina 'ya'ya ga ubanninsu, a aya ta 5 cikin Suratul Ahzab. In kuna da wasu 'ya'yan, sunan ƙarshe ya zama iri ɗaya a rubuce ga dukkansu, domin ranar neman biza ko rabon gado za a tambaya.

Doka ma tana da ta cewa, kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 7, ta ce a yi wa yaro rajista da zarar an haife shi, kuma yana da haƙƙin suna tun daga haihuwa. Wa'adin rajista kwana 5 ne a Faransa, 42 a Ingila, 60 a Najeriya. Wasu ƙasashen har sunan suke tacewa. Aisland tana da kwamitin sunaye tun 1991, wanda yake duba ko suna ya dace da nahawun harshensu. Niyu Zilan ba ta karɓar sunan da ya yi kama da muƙami ko sarauta. A Faransa wata kotu ta hana iyaye sa wa 'yarsu Nutella, sunan wani abin shafa wa burodi, aka mai da ita Ella. Idan a ƙasar waje za ku haihu, ku tambayi ofishin rajista tun kafin lokaci, musamman inda wa'adin bai kai mako ba.

Yanke magana

Ku rage zuwa uku na maza, uku na mata. Kowane suna ku ba shi kwana uku kuna kiran cikin da shi tsakaninku: wane ya motsa, wance ta hana ni barci. Wani sunan tun rana ta biyu za ku ji ya gundure ku, wani kuma ku tarar bakinku yana komawa gare shi ko bayan kwanakinsa sun ƙare. Ku yi addu'a a kai, Musulmi ya yi istihara. Ba laifi ku isa ranar haihuwa da biyu a hannu, ku bari sai kun ga fuskar.

Game da lokaci, akwai yalwa. Hadisin sahabi Samura ya ambaci raɗa suna a rana ta bakwai, Annabi (SAW) kuma ya sa wa ɗansa Ibrahim suna tun daren haihuwa. Idan jaririn ya zo da rauni ko an kwantar da shi a asibiti, ba abin da ya hana a sa masa suna nan take, ko don katinsa ya daina zama "jaririn wance".

In kun kasa daidaitawa har lokaci ya ƙure, ɗayanku ya kawo sunaye uku, ɗayan ya zaɓa daga ciki. Ta haka sunan ya bi ta hannun kowa.

Sa'ad da za ku faɗa wa dangi, ku faɗe shi a matsayin abin da aka gama, tare da dalilinsa a jimla ɗaya: sunanta wance, sunan kakarta ce ta wajen uwa. Mutane sukan yi gardama da shawara, amma da wuya su yi da jaririn da ya riga ya amsa suna. Ku aika da shi a rubuce cikin saƙon waya, da rubutun da kuka tsayar, don kowa ya fara da daidai.

Ranar rajista kada ku faɗa da baki. Ku rubuta cikakken sunan da manyan haruffa a takarda ku miƙa wa ma'aikacin. Kafin ku sa hannu ko ku bar wurin, ku karanta abin da ya rubuta harafi bayan harafi, ku duba ranar haihuwa da jinsi da sunayenku ku iyaye. In akwai kuskure, a gyara a take, ko da layi ya yi tsawo a bayanku. Ku ɗauki hoton takardar a waya, ku yi kwafi biyu, ku adana ta asali inda ruwa da gara ba za su kai ba. Daga ita za a kwafi sunan a katin rigakafi, da rajistar makaranta, da fom ɗin jarrabawa.

Idan kuma bayan an gama kuka gano ma'anar ba ita ce aka gaya muku ba, ko sunan ya ƙi zama a bakinku, ku canja tun yaron bai shiga makaranta ba. A lokacin takarda ɗaya ce ko biyu za a gyara. Ku koma ofishin da ya yi rajistar ku bi hanyar da dokar ƙasarku ta tanada, ku karɓi shaidar canjin a rubuce, ku haɗa ta da takardar farko a wuri guda.